Harshe a Cikin Kofi

Kwana biyu Manaja ya ba shi, a tsaye kuma ya ba shi, bai ce masa ga kujera ba. Mai Sawu bai ji komai ba. Shekara talatin ya yi yana shiga ofishin nan kafin a sallame shi, manajoji biyar ya gani a bayan wannan tebur, babu ko ɗaya da ya taɓa tuna cewa ma'aikaci ma yana da gwiwa.

Sharaɗin a fili yake. Ranar Laraba da safe mai kamfani zai zo, kuma sunan wanda ya saki man kamfani yake so a ba shi. In kafin nan Mai Sawu ya kawo sunan wani, da hujjar da za a taɓa da hannu, to Bahago mijin 'yarsa ya tsira. In bai kawo ba, shi da kansa zai zaunar da surukin nasa ya sa shi ya sa hannu a takardar amsa laifi, 'yan sanda su ɗauke shi ba hayaniya, a kuma karɓi makullin gidan kamfani daga hannun matarsa.

"Ka yarda, tsoho?"

"Na yarda. Amma kar a taɓa komai a wurin. Ko tsintsiya kar a sa."

Manaja ya yi dariya har tumbinsa na dukan bakin tebur. Ya ce ko'ina siminti ne da ƙarfe, sawun wa za a bi a kan siminti? Mai Sawu ya ce ba ƙafa kaɗai ke barin sawu ba, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ba su gaisa da hannu ba. Kowannensu gani yake ya cuci ɗayan.

*

Aikin masana'antar guda ne tak. Ɗanyen mai yana zuwa daga rijiyoyi ta bututu, gauraye da ruwan gishiri, sai a raba su. Akwai wani ƙaton tanki a kwance, a cikinsa mai ke tasowa sama, ruwa ya kwanta ƙasa. Ruwan ya fita ta bututun ƙasa ya zuba a wani ramin siminti a bayan katanga, tanka ta zo ta zuƙe ta kai juji. A wuyan wannan bututu aka dasa wata 'yar na'ura, ba ta fi fulogin mota girma ba, ma'aikata suna ce mata Harshe don ɗanɗano ne aikinta. Muddin gishiri take ji, bawul a buɗe yake. Da mai ya taɓa ta, kafin ka ƙifta ido ta rufe shi, ta kuma kai rahoto ga kwamfuta.

Da can Mai Sawu ne harshen. Shi ke buɗe bawul, ya murza ruwan tsakanin yatsu, da ya ji santsi ya rufe. Sauran yinin kuma ya bi layin bututu a ƙafa yana farautar masu huda shi, can ya samo sunansa. Da aka kawo na'ura aka ba shi agogon bango da takardar yabo, aka ce ya je ya huta. Shekara shida ke nan, bai kuma yafe wa na'urar ba.

To, ranar Litinin da safe aka tashi aka tarar ramin ya cika da mai, ya tumbatsa, ya bi kwata baƙi ƙirin har ƙofar gidajen ma'aikata. Aka duba kwamfuta, ta ce ruwa kawai ya wuce ta gaban Harshe. Injiniya ya ce na'ura ba ta ƙarya, saboda haka ta ɗaya hanyar man ya bi. Akwai wani bawul na hannu da ke kewaye Harshe, an ɗaure sitiyarinsa da sarƙa da kwaɗo. Makullin guda ne, yana rataye a ƙugun Bahago mai gyaran bututu, wanda ke bakin aiki ranar Lahadi.

Kafin rana ta yi tsaka matan layin sun gama shari'a a bakin famfo. Wata ta tuna sabbin takalman yaransa. Wata ta ce dama mutumin da ba ya kallon mutane a ido akwai abin da ya haɗiye. Wadda 'yar Mai Sawu ta yi jinyarta bara ita ta fara janye bokitinta gefe.

'Yar tasa ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce, "Baba, kai ma ka san shi. Ko allura ba zai iya ɗauka ba." Ya ce ya san shi sarai, shi ya sa ma ya zo. Sata tana buƙatar wayo, mijinta kuwa ba shi da shi.

*

A sito aka kulle Bahago. Yana zaune kan gwangwanin fenti, da ya ga surukinsa ya zame ƙasa ya gaishe shi, ido a kan takalmi. Mai Sawu bai amsa doguwar gaisuwar ba. Ya tambaye shi inda yake ranar Lahadi da rana. Ya ce yana bakin aiki. Ya sake tambaya, ya sake ba shi amsar nan.

Tsohon ya sa sanda ya ɗaga masa ƙafa. A tsagin ƙasan takalmin akwai farin simintin liƙa tayil, a duk masana'antar kuwa babu tayil ko ƙwaya. Nan gaskiya ta fito da kyar, kamar ana zare ƙusa daga katako. Ashe duk Lahadi da sha biyu Bahago yana sulalewa cikin gari ya gyara wa mutane famfo da masai, da sifanar kamfani, ya dawo ƙarfe biyu. In aka sani korarsa za a yi, shi ya sa ya yi shiru.

"Wato ka gwammace a ɗaure ka kan ramin mai guda da a ce ka gyara masai."

"Baba, kunya nake ji."

"Kunyar ce za ta biya wa yaranka ɗaki? Wa ya san kana fita?"

Ya ce ba kowa. Sai mai gadi da ke buɗe masa ƙofa, sai mai abinci da ke ajiye masa kwano. Asirin da mai gadi da mai abinci suka sani, ai har kyanwar wurin ta ji shi. Makullin kuwa, ya rantse ko wanka zai yi a wuyansa yake rataye shi. Wannan dai tsohon ya yarda da shi. Wawa ba ya rabuwa da abin da aka ba shi riƙo.

*

A gindin tankin ya tarar da Injiniya da Manaja suna jiransa. Injiniya ɗan 'yar'uwar mai kamfani ne, dogo, da farar hular kwano wadda ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinta. Bai ɗago ba. Wani zare ne ya fito a hannun rigarsa, ya ciro ɗan almakashi daga jikin makullin motarsa yana datse shi a hankali kamar mai aikin tiyata.

Mai Sawu ya tsuguna gaban bawul na hannu. Bai kalli kwaɗon ba, kwaɗo kowa ya iya kallonsa. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyarin, inda sandar ƙarfe ke shiga wuyan bawul, sai ga gidan zanzaro ɗaki uku, rabinsa a jikin sitiyari, rabi a jikin wuya. Lakar ta bushe ta yi fari, har 'ya'yan sun huda sun tashi tun tuni. Ko da faɗin farce aka juya sitiyarin nan da gidan ya farfashe.

Ya nuna musu. Ya ce bawul ɗin nan ya yi wata uku ba a taɓa shi ba.

"Sai mu kai zanzaro kotu ya yi rantsuwa," in ji Injiniya, yana mayar da almakashinsa. Ya yi dogon bayani da kalmomin da shi kansa Manaja bai gane ba amma yana gyaɗa kai. Ƙarshenta dai Manaja ya ce ba zai tsaya gaban mai kamfani ya ce ƙwaro ya ƙaryata kwamfuta ba. A kawo masa suna.

Mai Sawu bai yi musu ba. Ya riga ya sami abin da yake so. In man bai kewaye Harshe ba, to ta gabansa ya wuce, Harshe kuma bai ce uffan ba. A ransa har daɗi ya ji. Ashe dai abin da aka kore shi dominsa maƙaryaci ne.

*

Mai gadi ya rantse ba wanda ya shiga ranar Lahadi, ya buɗe littafin ƙofa, shafin fari fat. Tsohon ya tambaye shi, ba kowa ba kowa? Ya ce ba kowa, sai Injiniya, amma ai shi ba kowa ba ne, oga ne, ba a rubuta oga. Duk Lahadi yakan zo ofis wai ya fi jin daɗin rubutu in ba hayaniya. Mai Sawu ya ajiye maganar a gefe. Zuwa ofis ba laifi ba ne, mutum kuma ba ya kama ɗan 'yar'uwar mai kamfani da littafin da ba a rubuta komai a ciki ba.

Hankalinsa ya fi karkata ga direban tanka. Shi ke zuwa duk Lahadi da ƙarfe huɗu ya zuƙe ramin, wannan Lahadin ne kawai bai zo ba, wai gatarin motar ya karye a hanya. Safiyar Talata tsohon ya bi shi har gareji. Ya tura sandarsa cikin mesar tankar, ta fito da mai kauri har yana ɗiga. Direba, gajere mai yawan dariya ba dalili, ya ce ai ruwan datti ba ya rasa maiƙo, Baba, kai da ka yi aikin ka fi kowa sani.

Ya sani kuwa, ya kuma san maiƙo ba ya riƙe sanda haka. Yanzu ya gane yadda abin ya tonu. Wani yana cika ramin da mai da rana, direba ya zo da yamma ya kwashe da sunan ruwan datti. Da motar ta lalace man ya kwana a ramin, ruwa ya ci gaba da zubowa yana shiga ƙarƙashinsa yana ɗaga shi, har ya tura shi waje. Sai dai ramin a bayan katanga yake, direba bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Shi bakin sha ne kawai. Hannun da ke zubawa yana ciki. Rabin yini ya tafi, suna bai samu ba.

Ya dawo a gajiye ya zauna a ɗakin cin abinci. Mai abinci, mace mai jiki da murya, ta aje masa shayi, ta ce ita duk wannan hayaniyar mai ba ta dame ta ba, ɓarawon da take nema nata ne. Wata guda ke nan wani mara mutunci yana ɗaukar mata babban kofin silba duk Lahadi, ya dawo da shi yana warin mai, ya kuma yi wa gwangwanin gishirinta ɓarna. Mai gadi take zargi, don shi ne ba ya jin kunyar komai.

Mai Sawu ya aje shayin bai kai rabi ba.

*

Ɗakin kwamfuta sanyi ne da shi kamar cikin firji. Matar da ke kula da allon ita kaɗai ce a duk wurin ta ce masa, "Baba, ga kujera." Ya gaya mata shi bai iya karanta lambobi ba, ta nuna masa abin da Harshe ke faɗa ta yadda ido zai gani. Ta danna, sai ga wani koren layi ya ratsa allon daga hagu zuwa dama. Ta ce wannan ɗanɗanon gishirin ne, minti bayan minti.

Ya matso da fuska. Layin yana karkarwa, ya hau kaɗan, ya sauka kaɗan, kamar sawun jelar ƙadangare a kan yashi. Haka Juma'a, haka Asabar. Ya ce ta kai shi Lahadi. Da safe ƙadangaren na nan yana tafiyarsa. Sha biyu da kwata sai layin ya yanke, ɗan giɓi kamar inda mutum ya ɗaga ƙafa ya tsallake kwata. Daga nan ya miƙe samɓal kamar an ja shi da rula, har kusan ƙarfe biyu. Wani giɓin kuma, ƙadangare ya dawo.

Ya ce ta koma Lahadin baya. Haka. Wadda ta gabace ta, haka. Lahadi huɗu.

"Ruwan rijiya ba ya tafiya haka," in ji shi. "Abu mai rai ba ya miƙe sawu. Wannan ruwan a zaune yake."

Ta dubi ƙofa kafin ta yi magana. Ta ce ta lura tun mako biyu da suka wuce, ta nuna wa Injiniya, ya ce alamar na'ura ta zauna daidai ce, ta daina neman aiki inda babu. Ta roƙe shi kar ya ce daga bakinta ya ji. Ya ce abu biyu yake so ta yi masa: ta tsayar da bawul na ɗan lokaci, ta kuma ɗauko sabon Harshe daga kabad a sa a madadin tsohon.

*

Ya sa aka kira Manaja shi kaɗai. Suka gangara ƙarƙashin tankin, Manaja na tattare wando. A kan matakalar ƙarfe, dab da Harshe, akwai wani farin zobe da ya bushe, faɗinsa daidai gindin kofi. Mai Sawu ya dangwala ya lasa. Ruwan rijiya ɗaci gare shi, shekara talatin yana bakinsa. Wannan gishirin miya ne.

Ya yi wa Manaja bayani da sauƙi, yadda ake yi wa manajoji. Mutum ya rufe ɗan famfon da ke bayan Harshe, ya murɗo shi waje, ya tsoma shi a kofin ruwan gishiri. Harshe ya ce ruwa, ya yi ta cewa ruwa, bawul ya zauna a buɗe, ruwan tanki ya ƙare, mai ya biyo baya. Awa biyu, sai a mayar da shi mazauninsa.

Yana faɗa yana jin wani abu na ci masa rai. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta me ke cikin kofi, ta faɗi.

Sai ya duba mahaɗar. Wani ɗigo na taruwa a ƙasanta, farin salatif kuma ya cukurkuɗe a waje kamar gemun bunsuru. Salatif ɗin nan ne mai laushi da ake naɗa wa haƙoran murɗi don kar su yi yoyo. Ya sa sifana ya kunto Harshe a hankali, ya juya shi a haske. Ana naɗa salatif ne ta inda murɗi ke tafiya, yadda in an ɗaure zai ƙara damƙewa. Wannan a baibai aka naɗa shi, murɗin ya yi ta warware shi yana turo shi waje. Zagaye biyar. Bakinsa kuma a datse tsaf.

"A baibai?" Manaja ya washe baki. "To ai magana ta ƙare. Wa ke yin abu a baibai in ba bahago ba? Tsoho, ka kama surukinka da hannunka."

Mai Sawu ya naɗe Harshe a hankici ya sa a aljihu. Ya ce wa'adinsa sai gobe da safe. A tara masa su a ɗakin cin abinci, kar kuma Manaja ya gaya wa kowa abin da ya gani. Manaja ya yarda, don yana son ya ga yadda tsohon zai ji kunya a gaban mutane.

*

Safiyar Laraba, saura awa guda mai kamfani ya iso. Bahago na zaune a ƙarshen benci, direba na dariyarsa, mai gadi ya cire hula ya rasa inda zai aje ta. Mai abinci da mai allo suna tsaye a bakin ƙofar kicin. Injiniya ya jingina da bango yana duba agogo.

Mai Sawu ya zube guntayen bututu uku a kan tebur, da salatif. Ya ce ba tambaya zai yi ba, ya gaji da jin ƙarya, hannu yake son gani. Kowa ya naɗa wa bututunsa salatif kamar zai ɗaura shi. Ya tura wa Bahago, ya tura wa direba, ya tura wa mai gadi.

"Injiniya a bar shi," ya ce wa Manaja, ba tare da ya kalli Injiniyan ba. "Wannan aikin masu kanta a hannu ne. Ba a koyar da shi a takarda."

Mai abinci ta yi 'yar dariya. Dariyar nan ce ta gama aikin. Injiniya ya taso daga bango ya ce shekara biyar ya yi yana karanta bututu, abin da tsohon bai sani ba game da shi ya fi abin da ya sani. A ba shi guda. Tsohon ya ciro na huɗu daga aljihu, dama yana nan a ajiye.

Bahago ya riƙe nasa da dama, ya naɗa da hagu, idonsa ma na kan ƙasa. Zagaye uku, ya danne da babban yatsa ya fizge, bakin ya miƙe kamar cingam. Daidai yake, ta inda murɗi ke tafiya. Direba ma daidai, ya gatsa da haƙori. Mai gadi kuwa a baibai ya naɗa, har Manaja ya yunƙura zai tashi. Sai dai ya yi ta naɗawa ba tsayawa, bututun ya koma kamar yatsan da aka ɗaure a asibiti, ya rasa yadda zai yanke, ya miƙa wa mai abinci ta taimake shi.

Injiniya ya yi nasa a tsanake, leɓɓansa na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. A baibai. Ya laluba aljihu ya ciro makullin mota. Kowa a ɗakin ya ji ƙarar ɗan almakashin, ƙyas.

Mai Sawu ya warware hankicinsa ya aje Harshe kusa da bututun Injiniya, ya ɗauko kofin mai abinci ya aje a tsakani. Ya ce wa Manaja ya duba da kyau. Murɗi bai san hagu ko dama ba. Wanda ya shekara ashirin yana ci daga bututu, ko a barci aka tashe shi ba zai naɗa a baibai ba, ba kuma zai tsaya neman almakashi ba. Mai yin haka sai wanda ya san yadda ake yaudarar na'ura, amma bai taɓa ɗaura famfon gidansa ba.

Injiniya ya ce wannan shirme ne, almakashi kowa na da shi, zai kuma gaya wa kawunsa irin cin mutuncin da aka yi masa. Tsohon ya ba shi baya. Ya juya ga direba, wanda dariya ta riga ta bushe a fuskarsa.

"Ka ji ko? Kawunsa ne ke tafe. Mesar tankarka na gani, mai ne a ciki har wuya. Mutum ɗaya za a ɗauka yau. Kai da shi, wa kake ganin za a ɗauka?"

Direba ya kalli Injiniya, Injiniya ya kalli bango.

"Oga, kai ka ce min kwamfuta ce za ta yi mana shaida. Ka ce in ma abu ya ɓaci akwai mai makulli."

Bahago ya ɗago kai, karo na farko tun Litinin. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya tuna surukinsa na wurin, ya mayar da ido kan takalmi.

*

Ga yadda aka raba abin.

Manaja ya ci riba. Ya tari mai kamfani a bakin ƙofa ya gaya masa yadda ya yi kwana biyu bai runtsa ba har ya gano bakin zaren. Injiniya aka tura shi ƙaro karatu, bai rasa komai ba sai ɗan almakashin, da mai abinci ta tsinta a ƙarƙashin benci tana yanka leda da shi har yau. Direba shi aka ɗauka, duk da ya yi magana. Mai allo aka mayar da ita sito ƙirga gwangwanayen fenti, wai ta nuna wa baƙo sirrin kamfani. Matan layi suka dawo da bokitansu kusa, kowacce tana cewa ita dama tun farko zuciyarta ba ta yarda ba.

Bahago bai kwana a kurkuku ba, ba a kuma ba shi haƙuri ba. Takardar gargaɗi aka ba shi kan fitar Lahadi, ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Makullin gida ya zauna a hannun matarsa, yaran suka ci gaba da kwana a ɗakinsu. Wannan shi ne abin da Mai Sawu ya zo nema, shi kuma ya samu.

A rahoton da aka rubuta an ce na'ura ce ta sami matsala, direba ya yi amfani da damar. Aka jefa tsohon Harshe a kwandon tarkacen ƙarfe. A duk masana'antar shi kaɗai ne bai yi ƙarya ba, bai ɓoye komai ba, shi kuma aka kora ba ko agogon bango.

Mai Sawu ya tsaya gaban kwandon a hanyarsa ta fita. Ya sunkuya da kyar, ya ɗauko shi, ya goge shi da bakin riga ya sa a aljihu. Mai gadi ya gani, ya ce Baba ai kayan kamfani ne.

"Sallamarsa aka yi," in ji tsohon. "Abokin aikina ne. Rubuta a littafinka mutum biyu sun fita."

Asararsa ke nan a cikin lamarin: haushin da ya yi shekara shida yana riƙe da shi, ya shigo da shi ranar Litinin, ya koma gida ranar Laraba babu shi.